Butar Kimba da Motar Alhaji Ashafa

Alhaji Ashafa, kai ka kashe hannun Kimba. Kada ka ce soja ne, kada ka ce ƙaddara ce. Sojan da ya taka masa yatsu da takalmi bai taɓa jin sunansa ba sai a bakinka. Na faɗi wannan a bakin famfo, na faɗe shi a gidan suna, mata suna jan gefen zanena suna cewa, "Safara'u, ki rufa mana asiri, muna da 'ya'ya." Ni nawa 'ya'yan sun girma, haƙorana sun zube, ban ga abin da ya rage da za a ƙwace mini ba. Ban yi boko ba, shi ya sa na sa aka rubuta mini, don wanda ya toshe kunne ya gani da ido.

Amma ba don kai na buɗe baki ba, Alhaji. Ka jira, zan dawo kanka. Don Kimba ne, makanikin bakin titi, mijin Adjara, wanda babu gida a Zongon Lomé da bai taɓa hawa motar da ya gyara ba, yau kuma ko sallama daga nesa ake jefa masa.

Duk wanda ya san garejinsa ya san bishiyar dogon yaron da ke tsakiyar fili, ya san katangar kwanon da teburin kokona ke jingine da ita. Ana fitowa sallar asuba Kimba zai ɓullo daga lungun masallaci, cikin shuɗiyar rigar aikin da ta daɗe da komawa baƙa, riƙe da butarsa ta ƙarfe wadda ta lotse a gefe. Ya cika ta a famfo, ya rataye ta a ƙusar jikin bishiya. Da ita yake alwala, da ita yake wanke hannu, da ita yake ƙara wa mota ruwa. Sai ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa a kai, sannan ya miƙo kwano ta saman katanga.

"Yaya Safara'u, yau koko ne ko ruwan wankin ƙwarya?"

"In bai yi maka ba, ga baƙin mai nan a garwa, ɗiba ka sha."

Ya yi dariya, ya shanye tas, ya ce a ƙara.

Ba ya taɓa mota sai ya saurare ta. Mai ita zai tayar, Kimba ya karkata kai kamar mai jin gulma ta bayan ɗaki. Wani lokaci ya ɗora bakin dogon ƙarfe a jikin inji, ya manna kunnensa a ɗaya bakin, ya rufe ido. Kuma duk noti ɗin da zai kwance sai ya yi bismilla. Leɓɓansa ba sa zama, tun yana ɗan koyo haka yake. Ku riƙe wannan, don da shi aka kama shi.

Kimba, kai ne ka tayar da mataccen gingimarin da wani direban Mali ya yasar, shekarar da aka tashe mu daga tsohon Zongo na cikin gari aka watso mu nan cikin ciyawa da sauro. Da shi ka kwashe kwanon rufinmu, da tukwanenmu, da tsofaffin da ba sa iya tafiya, ka je ka dawo, ka je ka dawo, har aka gama. Kai ne ka riƙe motar gawa ta masallaci tun tana da fenti har ta koma tsatsa, ba ta taɓa ajiye mamaci a hanya ba. Kai ne direbobin Nijar da Burkina ke tambaya in sun sauko ɗaukar kaya a tashar jirgin ruwa, su ce ina mai kunnen inji. A garin nan in ɗan koyo ya gama, ubangidansa kan ce sai an kawo rago da kwalabe da buhun shinkafa kafin a sallame shi, har wani ya yi furfura yana jiran sallama. Kai kuwa sifana kake ba naka, ka dafa kansu, ka ce su je Allah ya yi albarka. Yau suna da garejoji daga Cacavéli har bakin ruwa. Wa ya zo duba ka a cikinsu? Bari in yi shiru a nan, kada in zagi 'ya'yan mutane.

Sai zamani ya juya. Jiragen ruwa suka fara zubo motocin Turai na hannu, masu wani akwatin lantarki a ciki da wayoyi kamar hanjin kaza. Alhaji Ashafa, mai fiton kaya a tashar jirgi, ya zaɓi ɗaya, fara, doguwa, gilashinta yana hawa da kansa. Shi ne kuma shugaban reshen jam'iyya na unguwarmu. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, kowa ɗanta ne ko yana so ko ba ya so. Alhaji ke raba atamfar rawa, shi ke zagawa ya ga matar da ba ta fito tarbar manya ba, washegari a kifar mata da tebur.

Motar nan tana da wani ciwo mai ban haushi. Da safe murzawa ɗaya take tashi, ta yi ta tafiya lafiya lau. Da inji ya ɗauki zafi sai ta ɗauke ɗif, ba tari, ba gargaɗi, kamar an zare makulli. A murza, ta yi ta gurnani ba ta kamawa. A bar ta ta huce, a dawo, ta tashi kamar ba ita ba. Ta kunyata Alhaji a gaban kasuwa, ta kunyata shi a ɗaurin aure, sai ya sa aka turo ta garejin Kimba.

Kimba ya saurare ta, bai ji komai ba. Wannan ya dame shi, don ciwon da ya saba da shi yana da murya. Ya ce ko mai ne ba ya isa, ya canja matatar mai, ya wanke tanki. Ta sake mutuwa. Ya ce ko buji ne, wato filogi, ya canja su. Ta sake mutuwa. Bai ɓoye ba, bai ɗora wa kowa ba. Ya ce wa Alhaji, "Na yi kuskure har sau biyu. Wannan ba irin motocin da na girma a cikinsu ba ce. Ka ba ni lokaci in fahimce ta."

Ya zauna da ita kamar mai jinya. Ya bar ta tana aiki a inuwa har ta ɗauke da kanta, nan take ya duba. Mai yana zuwa. Ya zare wayar buji ya kusantar da ita jikin ƙarfe, aka murza, ko ƙyas ɗin wuta babu. Allurar da ke nuna juyin inji tana kwance, ba ta ko motsi, alhali inji yana juyawa. Da ta huce, wuta ta dawo, allura ta farka. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa. Koko ya huce a kwanonsa ranar, bai sha ba.

Washegari ya sa rigar Juma'a, ya shiga motar haya har unguwar Bè-Kpota, wurin Issifou mai gyaran wutar mota. Issifou haifaffen Zongo ne, ya yi makarantar Faransanci, sa'an ɗan Kimba na fari ne. Dattijo mai furfura ya je ya zauna a benci yana jiran wanda aka yi sunansa a gabansa ya gama aiki ya koya masa. Wane ubangidan gareji ne a Lomé zai yi wannan?

Issifou ya ji bayani, ya buga cinya. "Bon, Papa Kimba, ai ka riga ka kama ɓarawon, sunansa ne kawai ba ka sani ba. Kaftar ne. A bayan inji, inda ya haɗu da giya, akwai babban faifai mai haƙora da ke juyawa tare da kiranshaf. Wani ɗan abu kamar yatsa yana kallon haƙoran nan, shi ke gaya wa akwati lokacin ba da wuta. In ya tsufa, siririyar wayar cikinsa takan rabu idan ta ji zafi, ta haɗu idan ta huce. Akwati ya daina samun labari, sai ya ɗauke wuta."

"Wato ido ne gare ta, zafi ke rufe shi."

"Haka ne, Papa."

"To in zafi ke rufewa, sanyi zai buɗe. Zan gwada in tabbatar kafin in sa mutum sayen abin da ba shi ba."

Issifou ya ce zai sa a nemo sabo wurin masu kayan jirgi, amma sai an yi haƙuri.

Ranar gwajin garejin a cike yake: direbobi, masu goro, masu jiran gyara, da Alhaji kansa cikin babbar riga. Kimba ya bar motar ta yi zafi har ta ɗauke. Alhaji ya murza, ya murza, ba ta kama ba. Kimba ya sauke butarsa daga ƙusa, ya sunkuya can bayan inji, ya yi bismillarsa yadda ya saba, ya tsiyaya ruwa siriri a kan ɗan abin nan, shi kaɗai. Ya ɗan jira.

"Alhaji, murza."

Mota ta tashi.

Wuri ya kaure da kabbara. Wani direba ya cire hula ya ce, "Baba Kimba, ashe kai ma kana taɓawa! Shekara da shekaru kana ɓoye mana!"

Ran Kimba ya ɓaci. "Ruwan famfo ne, ku tambayi Yaya Safara'u, a gabanta na ɗiba." Ya juya ga mai motar. "Alhaji, ka ji ni da kyau. Wannan ba gyara ba ne, gwaji ne. Na gane ciwon, ban warkar da shi ba. Sabon kaftar yana hanya. Kafin ya iso kada ka yi nisa da ita, kada ka shiga cunkoso da ita da rana. Za ta mutu maka a inda ba ka so."

Alhaji ya matso yana murmushi, ya rage murya. "Kimba, tsakanina da kai, me ka karanta a ruwan?"

"Bismilla. Irin wadda kake yi kafin ka sa hannu a tuwo."

"To, to. Na ji. Ba ka son faɗa."

Ya shiga motarsa ya tafi. Ludayina yana hannuna, kowace kalma ta shiga kunnena. Kafin la'asar labari ya gama Zongo cewa Kimba yana tayar da matacciyar mota da tofi. Alhaji kuwa ya sayi tasa butar, sabuwa, ya sa aka cika masa ita da rubutu, ya ajiye a bayan kujera. A ganinsa ya gano sirrin.

Ba a daɗe ba aka yi shelar cewa ayarin manya zai wuce ta babban titin gaban Zongo. Aka fito da mu tun hantsi cikin atamfa iri ɗaya, tsoho da yaro, aka jera mu bakin titi, muna tafi muna rawa, rana tana dukan ƙeyarmu. Kimba bai fito ba. Bai taɓa fitowa ba, ba don yana da wata magana da kowa ba, sai don kullum akwai motar wani a buɗe a gabansa. Alhaji ya ce shugaban reshe ba zai zo da ƙafa ba. Ya ɗauko farar motar, ya yi ta zagaye da ita a hankali cikin jama'a yana duba layi, inji yana ta dahuwa. Da aka fara jin jiniya daga nesa, sai ya ce bari ya tsallaka ya ajiye ta gefen rumfar baƙi.

A tsakiyar titi ta ɗauke. A gicciye.

Ya murza, ba ta kama ba. Ya fito da gudu, babbar riga tana harɗe shi, ya ɗaga murfin inji, ya ɗauko butarsa. Bai san inda Kimba ya zuba ba, don ranar bakin Kimba yake kallo, ba hannunsa ba. Ya kwarara rubutun nan duka a saman inji, kan wayoyin wuta. Ko da tana da niyyar tashi, ya gama da ita. Ganga ta tsaya. Tafi ya tsaya. Masu kaki suka zo a guje, suka tura motar cikin kwata da mai ita a jikinta, ayari ya wuce. Kowa ya san abin da ake kira tare hanyar manya a ƙasar nan, kowa ya san inda ake kai wanda ya yi.

Suka ɗago Alhaji daga kwata, suka ɗauke shi da mari. A nan, a gaban matan Zongo, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ba ni ba ne! Makanikina ne ya ɗaure ta! Yana da asiri, kowa ya gani, shi ke kashe ta shi ke tayar da ita. Ya ce mini za ta mutu a inda ba na so. Ku duba, ko fitowa bai yi ba!"

Gargaɗin da mutum ya yi maka don ya tsare ka, shi ka juya ka mayar barazana. Ban taɓa ganin irin wannan ba.

Kafin mu koma gida sun je garejin. Suka same shi a ƙarƙashin motar gawa, suka jawo shi ta ƙafa. Suka tafi da shi, suka tafi da butar, wai shaida. Adjara ta bi ofis-ofis da kwanon abinci, ko'ina a ce ba a san shi ba. Zongo ta yi tsit. Mutanen da suka yi kabbara a garejin, waɗanda suka ji ya ce ruwan famfo ne, kowa ya ce shi ranar yana kasuwa.

Damina ta wuce kafin a sako shi. Ya dawo da ƙafarsa, amma hannun dama ya dawo a naɗe, yatsun sun lanƙwashe sun bushe a haka. Sun ce ya nuna musu abin da yake karantawa, ya ce bismilla ce, suka ce yana raina musu hankali. Bai ba kowa labarin sauran ba, ni ma ban tambaya ba.

Ga abin da ke hana ni barci. Yana tsare sabon kaftar ya iso. Issifou ya zo har gidan Alhaji ya ɗaura shi, ya busar da wayoyin. Tun ranar motar nan ba ta sake ɗaukewa ba, ko a cunkoso, ko da tsakar rana. Abin da Kimba ya faɗa, shi ne. Amma Alhaji cewa yake yi wani malami ne daga arewa ya karya ɗaurin. Na tare Issifou na ce ya faɗi gaskiya a gaban mutane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, kakana daga Najeriya ya zo. In na yi magana za su ce in kawo takardar zama ɗan ƙasa, ina da mata da yara." Ban zage shi ba. Na je wurin Liman, ya ce haƙuri. Na ce, "Malam, haƙurin wa? Wanda aka karya, ko wanda ya sa aka karya?" Ya ce in yi tsoron Allah. Na ce shi nake tsoro, shi ya sa na zo.

Yanzu garejin ciyawa ce. Babu mai kawo mota wurin mai ɗaure mota. Har motar gawa an kai wani wuri. Kimba yana fitowa da asuba yadda ya saba, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni da hannun hagu, ya zauna. Ya daina tsokanata a kan koko. In lokacin salla ya yi, Adjara ke fitowa ta zuba masa ruwan alwala, don ba ya iya riƙe buta ya wanke da hannu ɗaya. Mutumin da ya ɗaga injin gingimari da sarƙa.

Kullum farar motar tana wucewa ta gabansa, gilashi a rufe. Rannan ta wuce sai na ga ya karkata kai, ya rufe ido. Ya ce, "Yaya Safara'u, bel ɗinta ya saki. A gaya masa ya sa a ɗaure kafin ya tsinke masa a hanya."

Na ajiye ludayi na shiga bayan katanga na yi kuka.

Kimba na Adjara, mai kunnen inji, mun gode. Na gode a madadin tsofaffin da ka ɗauko daga tsohon Zongo, da mamatan da motarka ta kai makwanci ba tare da ta tozarta su ba, da masu bakin da suka kasa buɗe shi. Kai ne ka ce "na yi kuskure" a gaban jama'a, kai ne ka je neman sani wurin sa'an ɗanka, kai ne ka ƙi karɓar sunan mai asiri lokacin da sunan zai cika maka gareji. An saba a ce wa matasa su yi koyi da irinka. Ina so in faɗa, bakina yana nauyi, don sun ga abin da aka saka maka da shi. Duk da haka ku yi koyi da shi, 'ya'yana. In kun ƙi, wata rana ku ma za a jawo ku ta ƙafa, ba wanda zai ce ya gani.

Na dawo kanka, Alhaji Ashafa. Hannun ba zai dawo ba, ba shi nake nema ba. Sunan nake nema. Juma'a kana sahun farko, Kimba yana can baya kusa da takalma, inda mutane ke matsawa su bar masa fili. In Liman ya sallame, ka miƙe kafin kowa ya fita. Ka faɗi abin da ke cikin butar Kimba. Ka faɗi abin da Kimba ya gaya maka a ƙarƙashin dogon yaro, da abin da Issifou ya ɗaura wa motarka. Ina bakin ƙofar mata, zan ji. In ka fito ba ka faɗa ba, za ka same ni tsaye a gaban farar motarka, sai dai ka bi ta kaina.

Wa ya ɗaure motarka, Alhaji? Ka amsa a gaban Zongo.